Kafin Ka Sayo Wa Ɗanka Kayan Ƙwallo

Kaka ta yi, an kawar da amfanin gona. Duk yamma za ka ga yara a Rijiyar Zaki da ƙauyukan kewaye suna buga tamaula a gonakin da aka girbe. Yaro ya dawo gida ya ce, "Baba, an sa ni a kulob. Koci ya ce in zo da kaya." Nan fa magana ta tashi. Wane kaya? Nawa ne? Wanne ya zama dole, wanne kuma ado ne kawai?

Wani magidanci ya ba ni labari. Ya sayar da buhun gero guda, ya shiga birni ya haɗo wa ɗansa kaya cif: takalmi mai ƙusoshi, jesi mai sunan ɗan wasan Turai, safa, har da jakar ratayawa. Yaron ya je fili mako uku, sai ya ce shi ya gaji. Kafin sha'awarsa ta dawo, takalmin ya matse shi. Gero ya tafi, takalmi yana ƙarƙashin gado.

Don haka abu na farko shi ne haƙuri. Ka bar yaro ya yi wata ɗaya ko biyu yana zuwa fili da abin da yake da shi. Idan ka ga bai fasa ba, kuma ƙwallon ba ta hana shi makarantar boko da Islamiyya da aikin gida ba, to sai ka fara saye. Kada ka sayi komai rana ɗaya. Bi da bi ake yi.

Kada kuma ka ji kunya don ɗanka ya fara ba shi da komai. A shekarar 1949 'yan wasan Nijeriya suka tafi Ingila karo na farko. Yawancinsu ba takalmi suka buga, kuma suka ci wasansu na farko da 5 da 2. Pele na ƙasar Brazil, wanda duniya ta sani, da ƙwallon tsumma ya fara. Sai dai wannan ba dalili ba ne na barin ƙafar yaro a buɗe a yau. Za mu zo kan wannan.

Ƙwallo

Ba lallai kowane yaro ya mallaki tasa ba. Ƙwallo ɗaya tana isar yara ashirin. Iyaye su yi karo-karo su saya, a damƙa ta hannun babba guda.

Ƙwallo tana da lamba, kamar takalmi. Ana rubuta lambar a jikinta. Lamba 3 ta ƙananan yara ce, 'yan ƙasa da shekara 8. Lamba 4 ta masu shekara 8 zuwa 12 ce. Lamba 5 ita ce ta manya, daga shekara 13 zuwa sama. Nauyin lamba 5 giram 410 zuwa 450 ne. Lamba 4 kuwa giram 350 zuwa 390. Mai shago zai fi miƙo maka lamba 5, domin ita ta fi yawa a kasuwa. Idan ɗanka shekararsa 9, ka ce a'a. Babbar ƙwallo tana gajiyar da ƙafar yaro, kuma ba ta barinsa ya koyi sarrafa ta. Ga kuma kai. A Amurka, tun shekarar 2015 hukumar ƙwallon ƙasar ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, don tsoron lahani ga ƙwaƙwalwa.

A filinmu mai tauri da tsakuwa, ƙwallo mai ɗinkin zare ta fi mai sheƙi wadda aka liƙa da gam. Idan ɗinki ya farke, baduku zai mayar. Kafin ka biya, sa a buga mata iska a gabanka. Kara kunne a bakin da ake buga iskar, ko ka ɗiga ruwa a wurin. In ka ga kumfa, tana sacewa. Mirgina ta a ƙasa mai daidai. In tana tangaɗi, ba ta zagaye sosai ba, ka ajiye ta.

Takalmi

A nan ne kuɗi ya fi tafiya, a nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Takalmin da yara suke gani a talabijin, mai dogayen ƙusoshi a ƙasa, an yi shi ne don fili mai ciyawa da laushi. Ƙusar tana nutsewa cikin ƙasa ta riƙe mai gudu. A filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda Kano Pillars ta yi suna, irin wannan takalmi yana da amfani. Amma filin makarantar firamare a lokacin rani kamar daɓe yake. Ƙusa ba ta da inda za ta shiga. Sai ta riƙa tokare tafin ƙafar yaro, ta sa masa ciwon diddige, wani lokaci ta turguɗe shi. Kuma ƙusoshin da kansu suna cinyewa da wuri. Ka biya kuɗi mai yawa, ka sayo abin da bai dace da ƙasarku ba.

Abin da ya dace shi ne kambas mai ƙasan roba, ko takalmin ƙwallo mai ƙananan ƙusoshin roba masu yawa, gajeru. Waɗannan sun fi arha, kuma kambas yaro zai iya zuwa makaranta da shi. Ko takalmin roba mai rufe yatsu ya fi tafiya ƙafa a buɗe. Wanda ya taɓa taka tsidau, ko tushiyar karan dawa da aka sare a karkace, ya san abin da nake nufi. Rauni mai zurfi da ƙasa ta shiga yana iya kawo tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora. Idan yaro ya taka ƙusa ko kara ya huda shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti ranar nan. Kada a cusa ƙasa ko toka a ciki.

Sabo ko gwanjo? Ni dai a ganina, ga yaron da ƙafarsa ke girma, gwanjo mai kyau ya fi sabo na jabu. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta yi suna da kayan gwanjo, ana samu kuma a Sabon Gari da kasuwannin ƙauye. Amma gwanjo sai da ido. Lanƙwasa takalmin da hannu biyu, ka duba ko ƙasansa ya tsage. Ja bakin gaba, inda sama ya haɗu da ƙasa, domin nan ne yake fara ɓallewa. Zura hannu ciki ka shafa, ko akwai abin da zai soki ƙafa. Haɗa ƙafa biyun baya da baya, don masu gwanjo sukan haɗa wari da wari, ɗaya ya fi ɗaya girma. Idan ka saya, kafin yaro ya fara sawa ka kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki. Kuɗin ɗinkin kaɗan ne, amma yana ƙara wa takalmi kwana sosai. A wanke shi, a shanya ya bushe ƙarau.

Ya fi kyau ka tafi da yaron ya gwada, da safa a ƙafarsa. In ba hali, auna ƙafarsa yana tsaye da tsinken tsintsiya, kamar yadda iyayenmu suke yi in za su sayo takalmin salla. Ka ƙara faɗin babban yatsanka guda. Kada ka wuce haka. Na san dabarar nan ta sayen babba a cusa tsumma a gaba don ya kai shekara uku. A takalmin salla tana yi. A wajen gudu kuwa, ƙafa tana yawo a ciki, ta yi bororo, yaro ya riƙa faɗuwa.

Makarin ƙwauri

Wannan ɗan ƙaramin abu ne na roba mai tauri da soso a ciki. Ana sa shi a gaban ƙwauri, safa ta rufe shi. 'Yan ƙwallo suna ce masa shingad. Yana cikin mafi arha a kayan duka, kuma shi iyaye suka fi mantawa. Ƙashin ƙwauri ba shi da tsoka a gabansa, fata ce kawai. Duka ɗaya da bakin takalmi yana iya kwantar da yaro makonni. Tun shekarar 1990 dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ta sa shi dole. Duk gasar da ake bin doka, alƙalin wasa ba zai bar yaro ya shiga ba sai da shi. Da zarar abokan wasan ɗanka sun fara sa takalmi, to shi ma yana bukatar makari. Wasu yara suna yanka kwali su cusa a safa. Gumi yana jiƙa kwali cikin minti kaɗan, ba ya tare komai. Ka zaɓi wanda ya rufe daga ɗan saman idon sawu zuwa kamar yatsa biyu ƙasa da gwiwa.

Jesi ita ce ta ƙarshe

Ita yaro zai fara roƙo, ita kuma ta fi komai rashin amfani. Riga mai tambarin Arsenal ko Barcelona ba ta ƙara gudu. Ahmed Musa, da ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya kuma ci wa Nijeriya biyu a wasa da Ajantina a gasar duniya ta 2014, ba sunan wani a bayan riga ne ya kai shi can ba. Abin da ake bukata kawai shi ne 'yan ƙungiya ɗaya su sa launi ɗaya. Iyayen yaran su haɗa kuɗi, a wakilta mutum biyu su je kasuwa su sayo riguna marasa rubutu dozin guda. Sari ya fi ɗai-ɗai sauƙi. Gajeren wando kuwa, telan unguwa zai ɗinka.

Idan koci ya ce a kawo kuɗin kaya, ka je fili da kanka ka gan shi. Ka tambayi abin da za a saya, da wanda zai ajiye shi. Tunda yanzu ka iya rubutu, a buɗe ɗan littafi: sunan kowa, abin da ya bayar, abin da aka saya, da ranar. Takalmin da ya matse babban yaro a rubuta shi a littafin, a wanke, a ba na ƙasa da shi.