Yadda Ake Gane Mota Tana Yoyon Ruwan Lagireto

Jama'a, duk wanda ya saba fita Katsina ta Ƙofar Kwaya, ya nufi Batagarawa ko Dutsin-ma, ya sha ganin mota a gefen titi. Bonet a buɗe, tururi na tashi, fasinjoji na zaune a gindin itace, yaron mota ya ruga neman ruwa da galan. An fi ganin haka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40. Sau da yawa abin da ya jawo wannan wahala ɗan yoyo ne da aka raina.

Mene ne aikin ruwan?

Inji yana ƙona mai, don haka yana yin zafi ƙwarai. Famfon ruwa yana tura ruwa ya zagaya cikin injin, ya kwaso zafin, ya bi ta tiyo zuwa lagireto. A can iska da fanka su sanyaya shi, ya sake komawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Amma murfin lagireto yana matse shi, har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba.

To, ka lura. Hanyar ruwan nan a rufe take. Mota ba ta shan ruwa kamar jaki. In kullum sai ka ƙara mata, akwai inda yake fita.

Yadda za ka duba

A yi dubawar da safe, inji na sanyi, mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri.

1. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin. Da safe ka jawo shi. Ɗigo baƙi mai maiƙo baƙin mai ne. Ɗigo kore ko ja mai ɗan santsi da ƙanshin zaƙi, ruwan lagireto ne. In ruwa zalla kake zubawa, za ka gan shi da launin tsatsa.

2. Dubi farar robar ajiyar ruwa da ke kusa da lagireto. Tana da layi biyu, na sama da na ƙasa. Ruwa ya tsaya a tsakaninsu. Yi alama da biro, ka sake dubawa bayan kwana uku.

3. Matsa tiyo na sama da na ƙasa da hannu. In ya tsage, ko ya kumbura, ko ya yi laushi ainun, a canja shi. Dubi bakinsa inda ƙarfe ya ɗaure shi, nan yoyo ya fi farawa.

4. Dubi jikin lagireto. Wurin da ya jiƙe, ko ya yi farin busasshen tabo kamar kanwa, nan ruwa ke fita.

5. Cire murfin ka dubi robarsa. In ta tsage ko ta bushe, sayi sabo. Murfi ba shi da tsada, amma lalataccensa yana sa mota tafasa.

6. Leƙa ƙarƙashin famfon ruwa. In yana ɗiga, ko yana ƙara in an tayar da mota, ya kusa mutuwa.

Yoyon da ido ba ya gani

Wani lokaci ƙasa a bushe take, amma ruwa na raguwa. Wannan ya fi haɗari, domin yana iya zama gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, ruwa na shiga ciki. Zaro sandar gwada baƙin mai. In man ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya haɗu da shi. In salansa na fitar da farin hayaƙi mai yawa bayan inji ya ɗumama, shi ma alama ce. Kada ka yi tafiya. Kira makanike.

Abin da za a kiyaye

Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na zafi. Ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona maka fuska da hannu. In allurar zafi ta hau ja a hanya, tsaya, kashe mota, jira aƙalla rabin awa. Kada ka kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa.

Wasu na zuba garin kwaki ko ɗanyen ƙwai don toshe yoyo. Yana iya tsayawa na ɗan lokaci, amma ƙananan hanyoyin lagireto ma za su toshe. Ruwan kududdufi da na rijiya mai gishiri su ma suna kawo tsatsa.

Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan ya fi ruwa zalla, domin yana hana tsatsa. Amma guba ne, ga shi da zaƙi. A ɓoye shi daga yara. In ya zube, a rufe da ƙasa kada awaki da kaji su sha.

'Yan'uwa direbobi, tiyo ɗaya da murfi ɗaya ba su kai kuɗin buhun gero ba. Inji kuwa in ya buga, sai an sayar da sa. Minti biyar da safe sun isa. Allah ya kiyaye hanya, amin.