Keke mai naɗewa: yadda ake saita giya da kula da ƙafafu a ƙasar rairayi

A Magaria da Dungass har su Bande, Wacha da Dogo-Dogo, yanzu ana ganin ƙananan kekunan nan masu naɗewa. Wasu ƴan uwa ne ke aiko su daga waje, wasu kuma gwanjo ne daga Kano ko Damagaram. Sai dai da yawa ba sa daɗewa a kan hanya. Sai ka ga an jingine keke a zaure, yaro ya koma tafiya lakwal da ƙafa, alhali abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba.

Abin lura na farko shi ne ƙafar. Babban keken da muka saba da shi ƙafarsa inci 28 ce, mai naɗewa kuwa yawanci 20 ko 16. A kilomita guda ƙafa mai inci 20 tana juyawa kusan sau 650, babba kuma wajen 450. Ke nan taya da boris sun fi saurin cinyewa. Ga shi kuma ƙarfen da ke canja giya a baya yana kusa da ƙasa, rairayi na shigarsa, kututture na bugunsa.

To yaya ake saita giyar? A ɗaga ƙafar baya, a riƙa juya feda da hannu ana canjawa. In sarƙa ta ƙi hawa babban haƙori, wayar giya ce ta saki. Akwai ɗan maɓalli mai juyawa inda wayar ta shiga ƙarfen, a juya shi hagu, yadda ake kwance noti, rabin zagaye, a sake gwadawa. In kuwa ta ƙi sauka ƙaramin haƙori, a juya shi dama. Akwai kuma ƙananan sukurori biyu masu harafin H da L. Na H yana hana sarƙa zarce ƙaramin haƙori, na L yana hana ta faɗawa cikin wayoyin ƙafa. Wanda bai gane su ba ya bar wa mai gyara, don in sarƙa ta faɗa ciki ana gudu, ƙafar gaba ɗaya na iya tashi aiki. Duk sanda aka naɗe keke aka buɗe, a duba kar wayar ta lanƙwashe a wurin gaɓar.

Maganar mai kuma, yawansa ba alheri ba ne. Mai da rairayi in sun haɗu suna cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. A wanke sarƙa da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge saura da tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa.

Duk mako a matsa wayoyin ƙafa bibbiyu da yatsa. Wadda ta yi sako-sako a ɗaure ta tun ƙafar ba ta karkace ba. Bayan faci, a shafa cikin taya da yatsa a hankali, don ƙayar aduwa kan maƙale ta sake huda sabon faci.

Ku kuma ƴan uwa da ke ci-rani, ga abin da ya fi kwantar da kekunan nan: rashin taya. Inci 20 iri biyu ce, akwai mai lamba 406 da mai 451, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Inci 16 ma akwai 305 da 349. Lambar tana rubuce a gefen taya. Kafin ku saya, ku ce a ɗauko muku hotonta ta WhatsApp. In za ku aiko da keke, ku haɗo da taya biyu da wayar giya, tunda ba kowace kasuwar ƙauye ake samun irinsu ba.

Allah ya kiyaye hanya.