Gyaran Kangaye a Matsayin Sana'a da Muhalli ga Manya Masu Otizim

GABATARWA

Duk iyayen da Allah ya ba ɗa mai wata lalura wadda ba ta rabuwa da shi, akwai tambayar da ke hana su barci idan shekaru suka fara ja, watau wa zai riƙe wannan ɗa, ina zai zauna, kuma da me zai ci da kansa ranar da ƙasa ta rufe idanunsu. Wannan lacca ta dubi wata amsa ce da ake nema wa wannan tambaya a Turai da Amurka dangane da manyan mutane masu otizim. Amsar kuwa ita ce a haɗa su cikin ƙungiya, a sayi tsofaffin gidaje da suka zama kango, su gyara da hannunsu a ƙarƙashin ƙwararrun magina, sa'an nan a sayar, ko a ba da haya da rahusa, ko kuma su kansu su tare a ciki. Za a fara da bayanin lalurar kanta, daga nan a nuna inda dabarar ta samo tushe, da yadda take gudana, da kuma wuraren da takan yi tuntuɓe.

MA'ANAR OTIZIM

Kalmar baƙuwa ce, tushenta daga Girkanci yake, daga wata kalma mai ma'anar "kai", watau mutum shi kaɗansa. A shekarar 1943 ne Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ya buga rahoto a kan yara 11 masu wasu halaye iri ɗaya, kuma a 1944 Hans Asperger ya yi makamancin haka a birnin Biyana. A kafofin watsa labarai na Hausa akan ji ana cewa galahanga, amma wannan kalma jakar magori ce, domin da ita ake kiran lalurori da dama waɗanda ba su da dangantaka da juna. Saboda haka aka zaɓi a riƙe kalmar otizim a nan.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ƙuruciya, kuma gado yana da babban hannu a cikinsa. Ba a ɗaukarsa daga wani, sakacin uwa ba ya kawo shi, kuma bincike mai yawa ya wanke allurar rigakafi daga zargin da aka yi mata. Alamominsa kashi biyu ne. Na farko ya shafi hulɗa da jama'a: mai otizim kan sha wuya wajen karanta fuska, ko gane habaici da gatse da ba'a, sau da yawa yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta. Na biyu ya shafi ɗabi'a: son abu ya tafi bisa tsarin da aka saba, zurfafa hankali ga abu guda, da tsananin jin ƙara ko haske ko wari fiye da sauran mutane. Amma fa masu lalurar sun bambanta ƙwarai. Akwai wanda ba ya magana sam, yana bukatar mai kula da shi muddin ransa. Akwai kuma irin su Temple Grandin, farfesa a Jami'ar Jihar Colorado, wadda da yawa daga manyan mahautan Amurka suke amfani da shingayen shanu da ta tsara.

A Amurka, hukumar da ke sa ido kan cututtuka ta ƙiyasta yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000. A rahotonta na 2025 kuwa ta ce 1 cikin 31 ne daga yara 'yan shekara 8. Mafi yawan wannan ƙari ya samu ne daga faɗaɗa ma'anar lalurar da kuma ƙaruwar masu iya gano ta. Abin lura shi ne, dukan waɗannan yara manyan gobe ne.

MATSALAR DA KE ZUWA DA GIRMA

Dokar Amurka ta wajabta wa makarantun gwamnati su kula da yaro mai lalura, galibi har ya kai shekara 21. Ranar da ya fita, malamai da abokai da tsarin yini duk sukan yanke a lokaci guda. Wani rahoto na Jami'ar Drexel a 2015 ya nuna kashi 58 cikin ɗari ne kawai na matasa masu otizim suka taɓa yin aikin albashi daga barin sakandare zuwa farkon shekarunsu na ashirin. A Birtaniya, ofishin ƙididdiga na ƙasa ya sami kusan kashi 22 cikin ɗari ne ke da aiki a 2020, kuma binciken da Robert Buckland ya jagoranta a 2024 ya ce kimanin 3 ne cikin 10.

Sau da yawa ƙofar shiga aikin ce ke tare su tun kafin a ga abin da hannunsu zai iya. Ganawar ɗaukar ma'aikata gwajin iya zance ce da haɗa ido da murmushi, watau daidai wurin da mai otizim ya fi rauni. Wanda ba shi da albashi kuwa ba ya iya biyan haya, sai ya ci gaba da zama a ɗakin da ya tashi a gidan iyaye, wanda kuma ba ya fita aiki ba ya yin abokai. Ke nan rashi uku ne suka sarƙe da juna: na sana'a, na muhalli, da na abokan zama.

Tarihin Donald Triplett, yaro na farko a rahoton Kanner, ya nuna abin da kan faru idan aka sami ukun nan. Ya rayu a ƙaramin garinsu na Forest a Jihar Mississippi, ya yi shekaru fiye da 60 yana aiki a bankin garin, yana tuƙa motarsa, mutanen gari sun san shi kuma suna kare shi, har ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Sai dai iyayensa masu hali ne. Abin da ake nema shi ne hanyar da ɗan talaka ma zai sami irin wannan gata.

TUSHEN DABARAR

Dabarar gyaran kangaye ta ɗebo ne daga rijiyoyi uku. Ta farko ita ce gidajen zama da aka kafa musamman domin manya masu otizim. A 1974 aka buɗe Somerset Court a Ingila ƙarƙashin wata malama, Sybil Elgar, bayan da iyayen ɗalibanta suka ga 'ya'yansu sun girma ba su da inda za su nufa. A 1983 wata malamar, Bettye Ruth Kay, ta kafa gonar Bittersweet a Jihar Ohio bisa wannan misali, inda mazauna ke noman lambu da kiwo da aikin katako. A waɗannan wurare aka ga cewa aikin hannu mai farko da ƙarshe, wanda ido ke ganin sakamakonsa, yana kwantar da hankalin da yawa daga cikinsu. Rauninsu shi ne suna bayan gari, nesa da sauran jama'a.

Ta biyu ita ce ƙungiyoyin gina gida da gumin kai. Millard da Linda Fuller sun kafa Habitat for Humanity a 1976 a Jihar Jojiya, bisa sharaɗin cewa iyalin da za a ba gida sai sun zuba awoyi masu yawa na aikin ƙarfi a gininsa da na maƙwabta, watau guminsu ya zama wani ɓangare na jarinsu. A 1985 kuma wasu ɗalibai da matasa marasa aiki a birnin Hull na Ingila suka kafa Giroscope, suka haɗa ɗan kuɗin tallafin da gwamnati ke ba su da rance, suka fara sayen kangaye suna gyarawa. Ƙungiyar ta kai ga mallakar gidaje fiye da ɗari, tana kuma horar da waɗanda kasuwar aiki ta juya wa baya.

Ta uku ita ce ƙungiyoyin gama kai na Italiya. A asibitin masu taɓin hankali na Trieste, a zamanin shugabancin likita Franco Basaglia, marasa lafiya ne ke shara da wanki ba lada, da sunan magani. A farkon shekarun 1970 aka kafa musu ƙungiyar gama kai domin aikin ya koma na albashi. Doka mai lamba 381 ta 1991 ta amince da irin waɗannan ƙungiyoyi, ta kuma ƙayyade cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatansu su kasance masu lalura ko marasa galihu. Otizim ba taɓin hankali ba ne, amma ƙa'idar da aka kafa a can ta shafe shi: wanda ya yi aiki ma'aikaci ne, kuma yana iya zama mai hannun jari.

YADDA AIKIN KE GUDANA

Kangaye ba su yi ƙaranci ba a waɗannan ƙasashe. A 2023 gidajen da suka wuce wata shida ba kowa a ciki a Ingila sun haura 250,000. A Detroit, tun 2014 hukumar filayen birnin ta fara gwanjon irin waɗannan gidaje daga dala 1,000, da sharaɗin mai saye ya gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Ribar ƙungiya tana fitowa ne daga ratar da ke tsakanin darajar gyararren gida da abin da aka kashe wajen saye da kayan aiki da albashi.

Akan raba aikin gida biyu. Abin da doka ta keɓe wa masu lasisi, kamar wayar lantarki da bututun gas, akan bar wa masu shi. Sauran kuwa, watau kwashe tarkace, kankare tsohon fenti, filasta, shimfiɗa tayil, awon katako da yanka shi, sa ƙofofi da tagogi, fenti da gyaran tsakar gida, su ne rabon 'yan ƙungiya. Ga wanda tsani da guduma ba su karɓe shi ba, akwai lissafin kaya da ajiyar rasit da zanen ɗakuna a kwamfuta.

Wannan sana'a ta dace da halin da yawa daga cikinsu saboda dalilai sanannu. Gini aiki ne mai bin jeri, ba a fenti kafin filasta ta bushe. Umurninsa kuma a fili yake, domin santimita 60 ba ta da habaici. Daɗin daɗawa, idon da ke hango ɗan karkacewa a layin tayil, wanda a zaman hira ake ɗauka tsanani ne, a nan shi ne ƙwarewa. Amma sai an daidaita wurin aikin da mutum. Akan rubuta ayyukan yini a allo, da hotuna ga wanda karatu ke ba wuya. Akan sa mutum guda ya riƙa ba da umurni don kada maganganu su yi karo. Akan tanadi abin toshe kunne saboda ƙarar zarto da injin huda bango, da wani ɗaki shiru inda mutum zai huta idan abin ya yi masa yawa, kuma akan sanar da canji tun kafin ya zo.

Zumunci ma ta wannan hanya yake shigowa. Mutumin da hira fuska da fuska ke gajiyar da shi yana iya yin wata uku kafaɗa da kafaɗa da wani suna riƙe allon silin, sabo ya shiga tsakaninsu ba tare da dogon zance ba. Maƙwabta kuma, waɗanda kangon ya daɗe yana tara musu ɓeraye da ɓata-gari, sukan fara sanin waɗannan mutane a matsayin masu gyara unguwa.

INDA AKE TUNTUƁE

Haɗari na farko shi ne ci da gumin ma'aikata. Dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 tana da sashen da ya halatta a biya naƙasassu ƙasa da mafi ƙarancin albashi, ko da yake jihohi da dama sun soke haka a cikin iyakokinsu. Ƙungiyar da ta sayar da gida da riba alhali ta sallami masu gyaransa da ladan ganin ido ta koma gidan jiya na asibitin Trieste.

Na biyu tarkon tallafi ne. Mai karɓar tallafin naƙasa na marasa ƙarfi daga gwamnatin tarayyar Amurka ba ya halatta ya tara dukiyar da ta wuce dala 2,000, adadin da aka tsayar a 1989. Rabon riba guda yana iya jawo masa asarar tallafin, wani lokaci har da inshorar lafiya. Wata doka ta 2014 ta buɗe asusun ajiya na musamman da ya rage wannan matsala, amma dole ƙungiya ta sami mai lissafin da ya san kan dokokin.

Na uku lafiyar jiki ce. Sai a 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen Amurka, saboda haka ƙurar tsohon bango guba ce, ga kuma asbesto a wasu rufi da bututu. Wanda ba ya iya faɗin abin da ke damunsa ya fi kowa bukatar a kiyaye masa.

Na huɗu shi ne wariya cikin sabuwar riga. Idan aka tara masu otizim su kaɗai a layi guda, an sake gina tsohon gidan killacewa ne da sabon fenti. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1999 a shari'ar Olmstead, da sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, duk sun tsaya a kan cewa mutum yana da haƙƙin zama cikin jama'a. Yarjejeniyar ta ƙara da cewa shi zai zaɓi inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Har ila yau, ba kowane mai otizim ne ke son gini ba, kuma kula da irin wannan ƙungiya ya fi na ɗan kwangila tsada, don haka da wuya ta tsaya da ƙafarta a shekarun farko ba tare da gudummawa ba.

KAMMALAWA

Bahaushe ba baƙo ba ne ga rabin wannan dabara. Ya san aikin gayya, ya san yadda ake taruwa a yi yaɓe kafin damina, shi ne ma ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kuma san koyon sana'a a hannun ubangida, inda ake auna yaro da aikinsa. Sai dai gayya ta yini guda ce, ladanta fura da godiya, alhali abin da ake magana a kai sana'a ce ta kullum mai albashi. A Nijeriya, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta bukaci ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, amma gurbi a takarda ba ya amfanar wanda ba a daidaita masa wurin aiki ba.

Saboda haka, ma'aikacin gwamnati ko ɗalibin da wata rana za a kawo wa irin wannan shiri ya duba, yana da tambayoyi uku da zai auna shi da su. Shin ana biyan ma'aikatan abin da ake biyan kowane lebura ko kafinta a kan aiki iri ɗaya? Shin suna da murya a ƙungiyar da rabo a gidajen? Shin gidan da aka gyara yana cikin unguwa ne tare da sauran mutane? Shirin da ya amsa ukun nan da "i" ya cancanci a ba shi fili da rance da goyon baya.