Abin da Gambiya ta koya wa likitoci game da ciwon hanta

Cutar hanta nau'in B ba ta da hayaniya. Tana shiga jinin yaro tun yana goye, ta zauna shiru shekara talatin ko arba'in. Sai ya zama magidanci idanunsa su yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafafu su tasa, 'yan uwa su ce shawara ce ta yi ƙarfi, a shiga neman saiwa. Alhali hanta ta riga ta ƙanƙance ko sankara ta kama ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da wannan ƙwayar cuta. Cuta mai irin wannan haƙuri ba a gane ta sai da bincike mai haƙuri irin nata.

Haka aka yi a Gambiya. A 1986 gwamnatin ƙasar, da cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke can, da hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa, suka ɗaura niyyar gano ko allurar rigakafi a jarirantaka za ta hana sankarar hanta a girma. Ba a iya kai allurar ko'ina lokaci guda ba, sai aka riƙa ƙara yanki bayan yanki har ta game ƙasar a 1990. Yara sama da 120,000 suka shiga, kusan rabinsu sun samu allurar. Da yake sunaye kan canza, katin asibiti kuma kan ɓata, sai aka dangwala tafin hannu da tafin ƙafar jarirai a takarda aka adana, don a gane su bayan sun yi gemu. An kuma buɗe rajistar masu sankara ta ƙasa baki ɗaya. Bibiyar da aka yi ta nuna allurar ta kare fiye da kashi 90 cikin ɗari daga zama masu ɗauke da cutar.

Mai ƙorafi zai ce an hana rabin yaran magani da gangan. Ba haka lissafin yake ba: kafin binciken allurar ba ta cikin rigakafin yaran ƙasar, bayan shekara huɗu kuwa kowane jariri na da haƙƙi. Wani zai ce me ya sa ba a wadatu da sakamakon Taiwan ba, wadda ta fara rigakafin a 1984 ta kuma ga sankarar hanta ta ragu tsakanin yara? Saboda a can cutar ta fi bin hanyar uwa zuwa jariri, a Afirka ta Yamma kuwa yara kan ɗauka a tsakaninsu, ga kuma gubar aflatozin da fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka tura rumbu ba su bushe ba. Gubar nan da ƙwayar cutar in suka haɗu a hanta ɗaya, haɗarin sankara ninkuwa yake yi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na rashin yarda da masu bincike, kuma mutanen Kano ba su ƙirƙire shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, an yi ta shari'a kan batun amincewar iyaye, har aka sasanta a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma maganin wannan shi ne kwamitin sa ido mai haƙori, da bayani ga iyaye cikin harshensu, da 'yancin cewa a'a. Idan aka ƙaurace wa bincike gaba ɗaya, za a ci gaba da yi mana magani da sakamakon da aka samo a jikin wasu.

Nijeriya ta sa allurar cutar hanta nau'in B cikin rigakafin yara a 2004. Saura da me? Jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma ba sa rabuwa da cutar, babba kuwa yawanci jikinsa kan kore ta. Shi ya sa ake son allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. A gidajen da ungozoma ke yanke cibi a ɗaki, mai jego kuma ba ta fita sai an yi arba'in, wannan awa 24 kan wuce ba a ko ambaci asibiti ba.