Ciwon Gaɓɓai Lokacin Goyon Ciki: Abin Da Tukunya Za Ta Iya Yi

Mace mai juna biyu a Getso ko Kabo ba ta rasa kukan ciwon ƙugu, gwiwa ko yatsu, musamman idan ciki ya tsufa. Yawancinsa nauyin ciki ne da sakin jijiyoyin da ke riƙe gaɓɓai domin shirin haihuwa, kuma yakan wuce bayan an sauka. Amma akwai amosanin gaɓɓai na gaske, wanda gaɓa ke kumbura, ta yi zafi, ta sandare da safe. Irin wannan yakan lafa wa mata da yawa lokacin ciki, sai ya taso a watannin jego.

Matsalar ita ce ƙwayoyin da aka saba saye a kemis, kamar ibuprofen da diclofenac, ba na mai ciki ba ne. Daga mako 20 suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki, a watanni ukun ƙarshe kuma su taɓa hanyar jinin zuciyarsa. Shi ya sa muke duba abinci. Ba ya warkar da amosani, amma yana iya sassauta kumburi.

Wanda ya fi hujja shi ne kifi mai maiƙo. Kifin Titus na ƙanƙara da sadin na gwangwani suna da irin man da ke rage kumburi, kuma man nan yana gina ƙwaƙwalwa da idon jariri. Sau 2 a mako ya wadatar, a dafa shi ya dahu sosai. Tarwaɗa da karfasa ma abinci ne mai kyau, ko da yake mansu bai kai na Titus ba. Maigida, idan ka shiga kasuwa ka tuna da wannan.

Sai ganye. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuka, rama, alayyahu, ga riɗi da wake. Duk na gida ne. Ganyen zogale kawai muke nufi. Saiwarsa da ɓawonsa kada mai ciki ta kusance su. Nono da kindirmo suna ƙarfafa ƙashi, in dai an tafasa madarar kafin a kwantar da ita.

Citta a shayi ko a miya tana ɗan taimakawa, har da tashin zuciya. Kurkum gwargwadon na girki babu laifi, amma ba a sha shi cokali-cokali ko a ƙwaya. Zoɓo kuwa a bar shi sai an haihu. Lemon kwalba da yawan sukari ƙiba suke ƙarawa, gwiwa ce kuma ke ɗaukar kayan.

Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, dole mu taɓo kunun kanwa. Ana ba maijego shi don ƙarfin jiki da korar sanyi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a tsakanin matan Hausawa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wankan jego. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ba ta kuma maganin gaɓa. Kunun gyaɗa ko na tsamiya ya ishe ta.

Idan ciwo ya hana barci, a tambayi ma'aikaciyar awo game da paracetamol. Wadda take shan maganin amosani tun kafin ciki ta kawo kwalinsa likita ya gani, domin wasu, kamar methotrexate, suna nakasa jariri. Idan gaɓa ɗaya ta kumbura da zazzaɓi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura, ko mai sikila ta ji ciwon ƙashi ya taso, kada a jira ranar awo. A kai ta Babban Asibitin Gwarzo a ranar.