Tsaunukan Jos da Zaman Hausawa a Filayen Kuza

Wannan maƙala za ta dubi yanayin ƙasar Jos da yadda Hausawa suka sami zama a cikinta, domin fahimtar matsayin da Hausa ta taka a tsakanin harsunan yankin.

Jos tana bisa wani tudu ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,600, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,280 daga doron teku, a duwatsun Shere kuwa ya haura mita 1,800. Wannan tsayi, tare da sarƙaƙiyar duwatsu, shi ya kange mazauna wurin daga dawakin masarautun Bauchi da Zazzau a ƙarni na 19. Saboda haka tudun ya zama tamkar tsibiri na harsuna, inda Berom da Afizere da Anaguta da Irigwe suke maƙwabtaka da Ngas da Mwaghavul da Ron, waɗanda su dangin Hausa ne a rukunin Cadi.

Kuza ce ta buɗe ƙofar da yaƙi ya kasa buɗewa. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara haƙarta a kewayen Naraguta, kuma da yake mutanen ƙasar ba su yi ɗokin barin gonakinsu ba, sai kamfanoni suka dogara da leburori daga Kano da Zariya da Bauchi da Borno. Layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, na gabas kuma a 1927. Ba kowa ne ya zo don ra'ayin kansa ba. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa don aikin tilas, kamar yadda Freund (1981) ya bayyana, kuma da yawa sanyi da cuta suka hallaka su. Sunayen sansanonin ma'aikata shaida ne har yau: Barikin Ladi, Dorowa, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar.

Abin lura ga manazarci shi ne, bisa al'ada baƙo ne ke ɗaukar harshen mai masauki, amma a nan akasin haka ya faru. Hausa ta zama harshen ramin kuza da kasuwa, sannan mishan suka mayar da ita harshen wa'azi da makaranta, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Hausar da ta samu daga wannan cuɗanya tana da nata kamannu. Ana jin ɓacewar jinsi, alal misali "mace ya zo", da furta /ƙ/ kamar /k/, da /ts/ kamar /s/. Sai dai bai kamata a jingina wannan duka ga rashin ƙwarewa ba, tun da raunin jinsi sananne ne a karin Zazzau da na Bauchi, inda leburori da dama suka fito.

Yaɗuwar harshen ba ta warware batun matsayin masu shi ba. Jikokin waɗancan baƙi, waɗanda ke kiran kansu Jasawa, suna ganin Jos garinsu ne, alhali Berom da Afizere da Anaguta na ganin ƙasar tasu ce. Bayan raba ƙaramar hukumar Jos a 1991, taƙaddamar ta kai ga zubar da jini a 1994 da 2001 da 2008 da 2010, kuma da Hausa ɓangarorin biyu suka riƙa yin mafi yawan muhawarar a kasuwa da tasha.