Kafin Yaɓe, A Duba Gini

Idan aka ce edita, abin da yawancin marubutanmu ke hangowa shi ne mai jan biro, wanda zai haɗa "ya na" ta koma "yana", ya mayar wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyoyinsu. Wannan aiki ne mai daraja, amma yaɓe ne. Akwai wanda ya riga shi: duba ginin labarin, wato zubinsa da tsarinsa, inda ya fara, inda ya yi kwana, da ko taurarinsa suna da dalilin abin da suke aikatawa.

Da irin wannan gyara adabinmu na boko ya tashi. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai daga Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Katsina ya yi wata shida a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, East na karantawa suna tattaunawa. Jiki Magayi kuwa sunaye biyu ne a bangonsa, John Tafida da East, abin da ke nuna hannun mai gyara zai iya nutsewa har ya koma na marubuci. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, marubuci ya zama shi ne mai bugawa, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa. Littattafai suka yawaita, abin farin ciki, sai dai kujerar edita ta zauna babu kowa. Har yau haka take a labaran da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad.

Ga yadda aikin yake. A ɗauka wata budurwa a Anka ta rubuta labari kan gubar dalma da ta afka wa Abare da Dareta da Yargalma ta Bukkuyum a 2010, lokacin da ake shigo da duwatsun zinariya cikin gidaje ana daka ana niƙa, ƙura ta bi tsakar gida, yara wajen 400 suka rasu. Ta aiko maka babi ashirin. Karatun farko ba a riƙe biro. Ka karanta kamar wanda ya saya da kuɗinsa, kana lura da inda hankalinka ya tafi wani wuri. A karatu na biyu sai ka ja jadawali: kowane babi layi ɗaya, wa ke ciki, me yake so, me ya canza.

Jadawalin nan ba ya ɓoye komai. Sai ka ga babi shida na farko duk biki ne da kayan lefe, buhun duwatsu bai shigo gidan ba sai a babi na bakwai. Ka ga mijin da ya kawo shi an zana shi mugu tun daga shafin farko, alhali da an nuna shi talaka ne mai neman abin sa wa iyali a baka, da mutuwar ɗansa ta fi huda zuciya. Ka ga ma'aikaciyar ƙungiyar likitoci ta MSF ta tsaya tana bayani shafi huɗu kamar mai lacca. Sai ka rubuta wa marubuciyar wasiƙa, ka fara da abin da ya yi kyau, don ta san abin da ba za ta taɓa ba. Sauran kuma ka mayar da su tambayoyi: me zai faru in an buɗe labarin da ƙarar turmi? Me uwar ta sani, kuma yaushe ta sani? Amsa ta marubuciyar ce. Ranar da ka fara rubuta mata babi da kanka, ka bar aikinka ka shiga nata.

Abu guda nake roƙon editocin yankinmu: kada a goge Zamfarci daga bakin taurari. Mai ba da labari ya bi daidaitacciyar Hausa, amma tsohuwar Gummi ta ce "munka tahi", ta ce "mi kaka so". In aka sa mata Kananci, an raba ta da garinsu.

Koyon sana'ar daga karatu yake farawa. Ɗauki littafin da kake ƙauna ka ja masa wancan jadawali, ka ga inda marubucin ya ɓoye sirri da inda ya sake shi. Daga nan ka nemi rubutun abokai biyu ko uku ka duba kyauta, da sharaɗin su gaya maka shawarar da ta yi amfani da wadda ta ɓata musu rai. Gajeren labari ya fi sauƙin farawa, ga kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda tun 2016 take sa mata da yawa neman wanda zai karanta musu da idon basira.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko, a rubuce. A ƙirga kalmomi, a faɗi ko karatu nawa kuɗin ya ƙunsa, a sa ranar mayarwa, a karɓi rabi kafin alƙalami. Gyara babi ɗaya a matsayin ɗanɗano yana raba gardama, domin kowa zai ga hannun ɗan'uwansa. A shekarun farko aikin ba zai riƙe gida shi kaɗai ba, shi ya sa ake haɗa shi da koyarwa ko fassara. Waya ta isa a fara, amma wanda ya ga yadda aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021 ya san dole a sauke rubutu a ajiye, a kuma bar sarari a wa'adi. Rubutun da ba a buga ba kuwa amana ne: ba a tura wa aboki ko shafi ɗaya, ko da marubuciyar ta yi jinkirin cika ragowar kuɗin.